Kamshaf Biyu a Kan Buhu

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu na Gidan Igwai har yanzu ana riƙe da wannan kunyar, ko da yake maƙwabta da yawa sun sake ta. Idan yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" Idan saƙo ne, sai ya faɗa wa Inna, ko ya faɗa wa ƙofa, ni kuma in tsinta. Ba ƙi ba ne. Na san ba ƙi ba ne, domin duk abin da na ci na sha har na gama jami'a daga guminsa ya fito. Na fara da wannan ne kawai saboda in ba a san shi ba, abin da ya faru a gareji ba zai shiga kai ba.

Sana'arsa tuƙi. Yana da a-kori-kura guda, tsohuwa, wadda aka ce fara ce a da. Ta girme ni. Da kaka yana ɗauko gero da shinkafa, amma ainihin abincinmu na shekara albasa ce, wadda yake kwasowa daga fadamar Dundaye zuwa kasuwa idan zafi ya fara. Manoman wani yanki na fadamar ba sa neman kowa sai shi, kuma dalilin guda ne. Tsakanin gonakinsu da hanya akwai wani gangare mai yashi. Sauran direbobi a sama suke tsayawa, sai an yi dakon buhuna a ka ko a jaki. Motar Baba kuwa takan sauka har bakin gona, a cika ta, ta hau gangaren a giya ta ɗaya, a hankali, tana nishi kamar tsohuwa mai hawan matakala, amma ba ta taɓa tsayawa ba. Wannan hawan shi ne duk jarinsa.

Da fetur ya yi tsada sai motar ta koma kamar wata mai ci a gidan. Kafuretarta ta tsufa, tana shan mai ba kai ba gindi. An wanke, an sake wankewa, an canza abin da za a canza. Daga ƙarshe bakanikensa ya ba shi shawara a cire kafuretar gaba ɗaya a mayar da motar ta injekta, wato a sa mata wasu 'yan bakuna masu fesa mai daidai gwargwado, tare da wani ɗan akwati da ake kira biren-bos, wanda shi ne ƙwaƙwalwar da ke auna yawan man da za a fesa. Baba ya yi kwanaki yana juya maganar. Sannan ya kai bijimin da yake kiwo kasuwa, ya dawo da igiya a hannu.

Ni a lokacin na dawo daga hidimar ƙasa da takardar digiri a fannin injiniyan injuna, ban sami aiki ba, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta da safe. Ya kamata in faɗi gaskiya game da wannan digirin. Na yi karatu da gaske, ban taɓa satar amsa ba, kuma ina jin na fahimci abin da aka koya mini. Amma injin da na sani na kan allo ne. Guda ɗaya muke da shi a ɗakin gwaji, an tsaga shi biyu an shafa masa fenti, mu zagaye shi muna leƙe ta kan kafaɗun juna. Hannuna bai taɓa yin baƙi da mai ba.

Wata rana bayan la'asar ina ɗaki na ji Baba yana cewa Inna, da muryar da yake ɗagawa idan ba ita yake nufi ba, "A ce ma mai takardar ga gobe shi taho gareji. Oga na son shi ga wani abu."

Wannan ne karo na farko da aka nemi karatuna a gidanmu. Na zaro tsofaffin littattafaina daga ƙarƙashin gado na yi ta buɗawa har magariba, ban ma san abin da za a tambaye ni ba.

Garejin yana Tudun Wada, a wani lungu bayan masu walda, ƙarƙashin rumfar kwano da dogonyaro guda. Mai shi, bakaniken da Baba yake kira Oga, mutumin Filato ne, Kirista, ya zo Sakkwato tun yana saurayi ya tsufa a nan. Abotarsa da mahaifina ta girme ni. Ranar Lahadi yakan rufe gareji, ranar Juma'a kuma shi ne mai korar Baba ya tafi masallaci kada ya makara. Ni Kawu nake ce masa. Shi kuma tun ranar da na shiga jami'a ya sa mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Ga Injiniya! A share masa benci, kada farar rigar gwamnati ta ɓaci."

"Kawu, ina kwana? Ai gwamnatin ba ta san da ni ba."

"Za ta sani. Zo ka ga ciwon tsohuwar nan."

An buɗe kan injin. Da suka kwance don a ɗora kayan injekta, sai suka tarar kamshaf ta cinye. Kamshaf sandar ƙarfe ce mai tozo-tozo a jikinta, kamar tozon shanu a jere. Idan tana juyawa, tozayen ne ke danna bawul su buɗe, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Ita ce ke tsara numfashin injin. Ta motarmu tozayenta sun siɗe, biyu daga ciki sun kusa zama sumul. Dole a sa wata.

Wani mai sayar da kayan gyara ya kawo guda biyu, ya shimfiɗa su a kan buhun siminti, ya tsaya a kansu da baƙin tabarau. Ɗaya ba ta da wani kyan gani, da ɗan tsatsa a gefe, tozayenta gajeru masu ɗan tsini, irin wadda motar ta zo da ita. Ɗayar kuwa tana sheƙi, tozayenta manya masu faɗi. Ya ce daga Kwatano ta zo, a cikin injin da wani Bature ya gyara don gudu.

"Wannan," in ji shi, yana nuna babbar da ƙafa, "in ka sa ta, sai dai ka nemi birki. Waccan kuma ta masu zuwa ɗaurin aure ce."

Kawu ya goge hannu da tsumma. "Injiniya, ni ba na ƙarya. Kafureta na sani, da kunne nake gyara ta tun ba a haife ka ba. Amma wannan akwatin ba ya jin sufana, ba ya jin zagi. Shi ya sa na ce wa babanka a kira ka. Wacce za ta zauna lafiya da shi?"

Baba yana zaune a benci, ya juya gefe yana kallon hanya, yana jan carbi. Bai dube ni ba. Ya ce, "Oga, tambaye shi dai."

Yanzu zan faɗi abin da na sani a wannan lokacin, domin na daɗe ina ƙoƙarin rage shi a raina, ina cewa wataƙila daga baya ne na sani. Ba daga baya ba ne. Na san babban tozo yakan bar bawul a buɗe ya daɗe. Wannan yana da daɗi idan injin yana juyawa da sauri, a kan kwalta, babu kaya. Amma idan yana juyawa a hankali, bawul ɗin shiga da na fita sukan daɗe a buɗe tare, numfashin ya rikice, ƙarfin ja ya ragu. Kafureta takan haƙura da wannan. Biren-bos kuwa da zuƙar iskar injin yake gane halin da ake ciki. Idan zuƙar ta yi rauni sai ya ɗauka ana neman ƙarfi, ya yi ta antaya mai. Motar da aikinta hawan gangare da albasa a giya ta ɗaya, kuma aka sayar da sa don ta rage shan mai, ƙaramar take so. Amsar ba ta fi kalma ɗaya ba.

Na tsuguna na ɗauki ƙaramar. Na juya ta sau ɗaya, ban ga abin dubawa ba, na ajiye. Sai na ɗauki babbar. Ita ce ke damuna, don haka ita na tsaya a kai. Na karɓi ma'auni a wurin Kawu na auna tozo, na sake aunawa. Na ɗaga ta sama ina hangen jerin tozayen. Na shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Har na zana wani abu a ƙasa da tsinke, hannuna na hagu yana riƙe da ita a kan cinyata, mai yana ɓata farar rigar. Ina neman hujjar da ba wanda zai iya rusawa.

Mai tabarau ya yi dariya. "Malam, ba littafi ba ce. Wai tsaya ma, inji nawa ka taɓa haɗawa?"

Tambayar ta shige ni. Sai shakku suka taso gaba ɗaya. Ban san daga wace mota aka ciro biren-bos ɗin ba. Wataƙila irin mai gyara kansa ne. Wataƙila ƙaramar tana da tsaga a ciki da ido ba ya gani, in na zaɓe ta ta karye, a ce ga aikin digiri. Malamanmu sun koya mana kada mu yanke hukunci sai da gwaji, ni kuma na riƙe wannan darasin fiye da duk sauran, don ya dace da halina.

Abin da na faɗa, iya tunawata, shi ne: "To, Kawu, kowacce da amfaninta. Babbar tana da ƙarfi a sama, babu shakka. Sai dai a ƙasa mai yiwuwa a ɗan sami matsala, amma ya danganta da akwatin. Ƙaramar ma ba laifi, in dai lafiyarta ƙalau. Gaskiya ba zan iya yanke hukunci ba sai an gwada."

"Wato me ke nan?" in ji Kawu.

"Wato... ya danganta."

Babbar tana nan a hannuna. Sai Baba ya miƙe, ya sa carbi a aljihu, ya ce, "Oga, babbar ga za a sa."

Suka shiga ciniki da mai tabarau. Cinikin ya ɗan ja, kuma duk tsawonsa ina tsugune, bakina a buɗe yake in na so. Amma na ɗauka Baba ne ya zaɓa da ra'ayin kansa, ya ji daɗin maganar gudu. Ta yaya ɗan fari zai ce wa ubansa ka yi kuskure, a gaban abokinsa da baƙo? Na ce a raina bari mu koma gida. Sai na ji mai tabarau ya ce ya sallama, suka yi musafaha, aka yi addu'ar Allah ya sa a mora. Bayan wannan, mutum irin mahaifina ba ya mayar da kaya. Mai tabarau ya naɗe ƙaramar a buhun ya ɗaure a bayan babur.

A gida ma ban faɗa ba. Na tsara maganar sau da yawa, amma ta wa zan bi? In faɗa wa Inna batun bawul da zuƙar iska ta isar?

Aikin ya ci kwana huɗu, har da mai haɗa wayoyi. Ranar da aka tayar da injin, masu walda sun bar aikinsu sun zo kallo. Da Kawu ya taka totur, motar ta yi wani ruri da ban taɓa ji daga gare ta ba, kwanon rumfa har yana kaɗawa. Aka yi ta sowa. Da ya ɗaga ƙafa kuwa, a silo, wato lokacin da injin ke aiki shi kaɗai ba a taka ba, sai ta kama jijjiga, tana yi kamar za ta mutu ta farfaɗo, salansa tana tofar da baƙin hayaƙi. Kawu ya karkata kai yana saurare, sannan ya dube ni.

"Injiniya, wannan tarin fa?"

"Wataƙila sai akwatin ya saba da ita," na ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa na iya faɗa.

Kawu ya ɗan ɗaga silon, jijjigar ta ragu. Muka fita gwaji a kan kwalta, ba kaya. Tsohuwar ta tashi kamar an sake mata jini. Muka wuce motoci biyu da ba mu taɓa mafarkin wucewa ba. Baba ya yi dariya har haƙoransa suka fito, ya doki sitiyari ya ce, "Oga, ashe karatun ga bai tahi banza ba!"

Ina baya, a bodi, amma na ji ta taga. Ban taɓa jin yabo daga bakinsa ba sai ranar. Ina jin wannan yabon ne ya ƙarasa ɗinke mini baki.

Makonni biyu da suka biyo baya na yi su ne da kunne a bakin ƙofa. Da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi. Tana mutuwa a mahaɗar hanya, masu keke suna danna wa Baba oda suna cewa tsoho a kai ta gidan tarihi. Kawu ya ciro fulogi ya tarar sun yi baƙi ƙirin. Man da aka yi duk wannan don a rage shi, ƙaruwa ya yi. Inna ta ce rigunan Baba warin fetur suke yi ko an wanke. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan yi magana, in na ƙara tabbatarwa.

Sai albasa ta nuna. Wata Asabar da safe Baba ya tsaya a zaure ya ce wa ƙofa, "In akwai wanda ba shi da aiki yau, shi shigo mota."

Na shiga gaba, kusa da shi. Rabona da wannan kujerar tun ina firamare. Muka bar gari muka isa Dundaye. A wurin gangaren ya sauka a hankali, ƙafa ɗaya a birki ɗaya tana ɗan taɓa totur don kada ta mutu. Na ga haka, na kawar da kai.

Manoman sun riga sun ɗinke buhuna sun jera. Babbansu, wani dattijo mai farin gemu da ya san Baba shekara da shekaru, ya zagaya motar yana dariya. "Direba, mun ji an yi ma amarya sabuwar zuciya. Yau sai mu ƙara buhu biyu!"

"Ku sa abin da kunka saba," in ji Baba.

Aka yi lodi kamar kullum. Rana ta riga ta ɗaga, irin zafin da ke sa ƙarfen mota ya ƙi taɓuwa. Baba ya yi bisimilla ya sa giya ta ɗaya. Ta taho lafiya a kan shimfiɗa. Da ƙafafun gaba suka kama gangaren, inda a da take sunkuyar da kai ta ja, sai ta yi tari biyu ta mutu. Muka gangaro baya.

Ya sake tayarwa. Wannan karon ya taho da ɗan gudu. Ta kai tsakiya ta mutu.

Na san abin da zai yi a karo na uku, domin shi kaɗai ya rage. Ƙarfin injin yana sama, to sai a neme shi a sama. Ya taka totur har ƙasa, motar tana ruri, yana sakin kuloci kaɗan-kaɗan. Ƙafafun baya suka kama tonon yashi suna watsawa. Wani wari ya cika gaban motar, kamar an ƙona gashi da roba. Na buɗe baki na ce, "Baba..." Ban san ko ya ji ba. Rurin ya ci gaba, amma motar ta daina ko motsi. Kulocin ya ƙone.

Ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya, har kukan kurciya ana ji daga cikin mangwaro.

Aka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar gangare. Na sa kafaɗa na ɗauki guda, na kusa faɗuwa, wani manomi ya karɓe ya ce, "Bari, malam, ba aikinka ba na." Albasa ba ta son rana in an ɗinke ta a buhu, kuma ga kasuwa tana jira. Dattijon ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya matso kusa da Baba ya yi ƙasa da murya.

"Direba, ka yi haƙuri. Kayan ga ba su iya kwana nan."

"Gaskiya ta. Ku kira wani."

Aka buga waya. Wani mai mota ya zo ya tsaya a sama, aka yi dako a ka. Mu kuma sai bayan azahar aka sami tarakta ta ja mu. Baba yana riƙe da sitiyarin motar da ba ta aiki, igiya tana jan mu, muka ratsa Dundaye mutane suna kallo daga inuwa.

Washegari Lahadi ce, gareji a rufe. Na sami Kawu a gida ya dawo daga coci, yana zaune a ƙofa da rigarsa ta fita. Bai ce mini Injiniya ba.

"Zauna. Ina so in tambaye ka, kuma ban da ya danganta. Me ka gani a jikin babbar nan har ka zaɓe ta?"

"Ni? Kawu, ai ni ban zaɓa ba. Baba ne ya zaɓa."

Ya daɗe yana kallona. "Ka san yadda babanka yake sayen abu? Shekara nawa yana bin manoma kasuwa. Ba ya sauraren baki, ya ce baki na kowa ne. Hannu yake kallo. Wanda mutum ya ɗauka ya ajiye, ba ya so. Wanda ya riƙe yana juyawa, nan ransa yake. Kana tsammani hanya yake kallo ranar nan? Da ka tafi ya ce mini, 'Oga, na ga hannunai. Babbar ga shika so, kunya ta ta hana shi hwaɗi, don ta hi tsada.' Ya ce shi ƙaramar ce ta kwanta masa, don irinta ce ta yi masa shekarun nan. Amma ba zai kira yaro gaban mutane, ya zo da karatunsa, sannan a watsa masa ƙasa a ido ba."

Na ce, "Kai fa, Kawu?"

"Ni ma ƙaramar. Tun da na ga tozon nan na ce wannan ba ta ɗaukar kaya ba ce. Amma na ce wa kaina, kai tsohon kafureta, yi shiru, zamani ya wuce ka, ga mai digiri yana aunawa." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Mu uku, duk abu ɗaya muke so. Mai tabarau kaɗai ya san abin da ya kawo shi."

Na koma gida a ƙafa, daga Tudun Wada har Gidan Igwai, cikin rana. Na tarar da Baba a tsakar gida a kan tabarma, Inna tana tankaɗe a gefe. Na tsuguna a gabansa, ba a gefe ba kamar yadda na saba.

"Baba, babbar ba ta dace da motar ba. Ƙaramar ce daidai. Na san haka tun ranar, ban faɗa ba. Riƙon da na yi mata, aibinta nake nema."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba, kuma babu wataƙila ko ɗaya a ciki. Inna ta tsayar da rariya. Shi kuwa bango yake kallo. Ya ja carbi ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Can ya ce, "Ki ce mai na ji." Ya ƙara jan wasu 'yan ƙwayoyi. "Ki ce mai kuma, in an sake tambaya tai, abin da ba shi so shi aje shi ƙasa."

Shi ke nan. Bai yi faɗa ba, a ranar ko bayanta. Da ya yi, ina jin da na fi samun sauƙi.

Da sassafe na je wurin mai tabarau. Ƙaramar ta tafi tun a makon da aka sayi babbar, wani mai ɗaukar bulo ya saya. Sai da aka aika Kano, aka kawo wata ba ta yi daidai ba, aka mayar, aka sake jira. Kulocin ma sai da aka nemo. Ranar da aka haɗa, ni na riƙe wa Kawu fitila da sufana, hannuna ya yi baƙi har gwiwa. Aka murza makulli sau ɗaya ta tashi. Silo ya zauna lumui, sai ka sa kunne kafin ka san tana aiki. Hayaƙin ya ɗauke. Ba wanda ya zo kallo.

Amma albasa ta ƙare. Mai motar da aka kira ranar nan bai yi wasa ba: ya sa an zuba jar ƙasa da karan dawa a gangaren, har tasa motar ta iya sauka. Da shekara ta zagayo Baba ya je Dundaye gaisuwa. Dattijon ya karɓe shi da fura, suka yi hira, sannan ya ce sun riga sun ba wancan magana, kuma shi ma mai iyali ne. Baba ya ce haka ya kamata, shi ma da shi ne ba zai tayar da magana ba.

Yanzu a cikin gari yake aiki. Yana tsayawa a bakin masu sayar da katako da kwano, tare da wasu motoci da yawa, ana jiran wanda zai zo. Wata rana a samu, wata rana ya dawo da motar kamar yadda ya fita da ita. Tana shan mai kaɗan, kamar yadda aka so. Tana da ƙarfin ja da zai hau gangaren nan da lodi ba tare da nishi ba. Wannan na tabbata da shi, ko da yake ba a gwada ba. Hanyoyin da take bi yanzu duk shimfiɗaɗɗu ne.

Ni ina nan ina koyar da lissafi. Nakan tsaya a garejin Kawu in na taso, ya koma ce mini Injiniya, wani lokaci har ya miƙo mini abu ya ce in duba. A gida kuwa, watannin baya famfon man motar ya fara ƙara. Ina ɗaki na ji Baba yana gaya wa Inna zai kai wa Oga ya gani. Na ajiye alƙalami na saurara ko zai ɗaga murya. Da muryarsa ta kullum ya faɗa, ya ɗauki makulli ya fita.